Ɗan zoben da ya mayar da ƙanena kasuwa

Yau zan ɗan ajiye amsa tambayoyin da muka saba, in ba ku labarin cikin gidanmu. Sai da na nemi izinin mai labarin kafin in ɗauki alƙalami, ya ce in rubuta amma kada in kama suna. To a gida Auta muke ce masa, a nan ma haka za mu kira shi.

Auta ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana sana'ar albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas. Wata huɗu da aurensa zazzaɓi ya kama shi. Kamar yadda yawancinmu ke yi, ya sayi maganin maleriya ya sha, ya ƙara da na ciwon jiki, ya ci gaba da fita kasuwa abinsa. Ni da nake yayarsa, kuma harhaɗa magunguna ne aikina, ban ji labari ba sai a mako na uku, ranar da cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ko taɓawa ba ya bari a yi. Ashe taifot ce ta huda masa ƙaramin hanji. A daren aka shiga da shi tiyata. Da likitocin suka buɗe suka tarar hujin ba ɗaya ba ne, ga ƙazanta ta riga ta malale a cikin ciki, suka ga idan aka haɗa hanjin a lokacin ɗinkin ba zai riƙe ba. Sai suka fito da bakin hanjin ta gefen dama na cikinsa, ƙasa da cibiya kaɗan, domin bahaya ya riƙa fita ta nan zuwa lokacin da ciki zai warke a mayar.

Wannan ƙofa ita ake kira sitoma. Idan daga babban hanji aka fito da ita sunanta kolostomi, idan daga ƙarami ne iliyostomi, akwai kuma ta fitsari da ake ce wa yurostomi. Ja ce, da damshi kamar cikin kumatu, ba ta jin zafi idan an taɓa, kuma ba ta da abin matsewa irin na dubura, wato mutum ba shi da ikon riƙe abin da ke fitowa. Shi ya sa ake manna jaka a kai dare da rana. Kada ka ɗauka, mai karatu, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ana yi wa masu kansar hanji, da wanda hanjinsa ya murɗe, da wanda harbi ko haɗarin mota ya ji wa ciwo a ciki, da jariran da aka haifa babu ƙofar dubura. Suna nan cikinmu, a kasuwa da ofis da sahun masallaci. Riga ce ta rufe, su kuma ba sa faɗa.

Ranar da aka sallame mu aka ba mu jaka 'yan kaɗan, aka nuna wa amaryarsa yadda ake mannawa cikin minti biyar, a tsaye, ana sauri. Ni kuma na bugi ƙirji na ce wa Umma ta kwantar da hankalinta, ai ina nan. A nan zan faɗi gaskiya a kaina: shekarun da na yi a jami'a na karanta yadda magani ke shiga jini da yadda yake fita, amma ban taɓa riƙe jakar sitoma da hannuna ba. Girman kai ne ya hana ni cewa ban iya ba.

Jakar tana da wani faifai mai danƙo da ke mannewa a fata, a tsakiyarsa ake yanka rami daidai girman sitomar. Ni da tausayina sai na yanka ramin da faɗi, wai kada ya matse masa hanji. Bayan kwana biyu fatar da ke kewaye ta yi ja, sai na ɗauko man nan fari mai kauri da ake shafa wa jarirai idan kunzugu ya ci musu fata na lafta masa. Kuskure biyu ke nan a jere, kuma na biyun ya fi na farkon muni. Faɗin ramin ya bar fata a fili, bahaya na zama a kanta. Man kuma ya hana faifan kamawa gaba ɗaya, domin danƙo ba ya riƙe wuri mai maiƙo.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, abin da ke fita daga ƙaramin hanji ba irin bahayan da muka sani ba ne. Ruwa-ruwa ne, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci da ƙarfinsu, waɗanda aikinsu narkar da nama da mai. Idan suka zauna a kan fata ita ma narkar da ita suke yi. Cikin mako guda fatar Auta ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa kamar ƙuna. Fata mai ruwa ba ta karɓar faifai, faifan da bai kama ba yoyo yake yi, yoyon kuma ya ƙara cinye fatar. Haka muka yi ta zagaye. Jakar da ya kamata ta yi kwana uku ko huɗu, wata rana sau uku muke canzawa. Ga tsada, domin daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Da suka ƙare wani dare, leda da filasta amaryar ta ɗaura masa har gari ya waye.

Ciwon fatar bai tayar mini da hankali kamar yadda na ga mutumin ya canza ba. Ya daina cin abinci, wai don kada komai ya fito, alhali ƙaramin hanji ba ya daina zubar da ruwa don an ƙi ci. Ya rame, idanu suka faɗa. Ya daina zuwa masallaci tun ranar da ya yi ruku'u ya ji ɗumi na bin cinyarsa a cikin sahu. Abokan kasuwa su zo dubiya ya ce a ce yana barci. Wata rana da yamma ya kira ni ɗaki, bai dube ni ba ya ce, "Yaya, ki yi wa yarinyar nan magana ta koma gidansu. Ba wannan ta aura ba." Tana bakin ƙofa riƙe da bokitin zannuwan da ta wanke, ta ji komai. Ba ta ce uffan ba, ta wuce ta shanya.

Washegari na ajiye digirina a gefe na shiga neman wanda ya sani. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wata dattijuwar nas da ta samu horo a kan kula da sitoma. Irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, kuma wannan babban giɓi ne. Ta cire faifan a hankali, ta duba bayansa kafin ta duba cikin mara lafiyar, ta ce, "Wa ya yanka wannan?" Na ce ni ce. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ƙara komai ba. Daga nan ta sa Auta ya kwanta, ya zauna, ya tsaya, ya sunkuya. Da ya sunkuya sai ga wani lanƙwason fata ya bayyana a gefen sitomar, ta ɓangaren cibiya, kamar ƙaramar kwata. Yana kwance ba a ganinsa, mu kuma kullum a kwance muke manna masa jaka. Ta nan ruwan ke bi duk lokacin da ya zauna ko ya yi ruku'u. Faifai shimfiɗaɗɗe ne, cikin mutum kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Abin da zai cike tsakaninsu shi ne zobe.

Zoben toshe yoyo wani ɗan kewayayyen abu ne mai laushi da ake zagaye gindin sitoma da shi kafin a ɗora faifan jaka. Aikinsa ya rufe 'yar fatar da ta rage tsakanin hanji da bakin faifai, ya kuma cike ramuka da lanƙwasa. Iri biyu ne aka fi sani, kuma sanin bambancinsu shi ne abin da nake so mai karatu ya tafi da shi yau.

Na farko, wanda ya fi daɗewa kuma ya fi samuwa, an yi shi da irin danƙon da ke jikin faifan, wanda ake kira haidirokoloid. Yana shan damshi ya kumbura ya rungumi sitomar. Ana iya miƙar da shi, a murza, a gutsura a cike wani rami da shi kamar ƙullun fulawa. Eakin da Hollister da Coloplast duk suna yin irinsa. Na ji daɗi da na gano cewa Tom Eakin, wanda ya kafa kamfanin farkon a Ireland ta Arewa a 1974, shi ma mai harhaɗa magunguna ne. Kafin wannan danƙo, ƙaron karaya ake amfani da shi, wanda ake samu daga wata bishiyar Indiya 'yar uwar kukkukin da muka sani a dazukan Arewa. Ita kanta jakar mai mannewa wata nas ce 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954, saboda 'yar uwarta da aka yi wa sitoma ta daina fita cikin mutane don tsoron yoyo. Da na karanta wannan sai na tuna Auta a ɗaki.

Na biyu shi ne na silikon, wanda ya zo daga baya. Wanda muka samu shi ne Siltac na kamfanin Trio da ke Ingila. Shi ba ya shan ruwa ko kaɗan, saboda haka ba ya kumbura, ba ya narkewa. Yana da taushi kamar tsoka, ka ja shi ya miƙe, ka sake shi ya koma yadda yake, to wannan komawar ce ke sa ya kama gindin sitoma ya bi motsinta. Ranar cirewa kuma yakan fito gaba ɗayansa, ba ya barin ɓarɓashin danƙon da sai an kankare.

Nas ɗin ba ta fara da silikon ba, kuma dalilinta ya kamata a riƙe. Silikon yana son busasshiyar fata, a kan fata mai tsattsafo da ruwa ba ya zama. Sai ta wanke wurin da ruwan ɗumi zalla, ta busar, ta barbaɗa hodar sitoma a inda ya saɓule kawai, ta kaɗe ragowar, ta sa zoben haidirokoloid mai shan damshi, sannan ta auna sitomar ta yanka ramin faifai da ratar da ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. A karon farko jaka ta kwana biyu ba yoyo. Cikin kwana goma fatar ta rufe. Sai dai wata matsalar ta fito: bahayan Auta ruwa ne sosai, ga zafi da gumin Legas, zoben kan jiƙe ya yi fari ya fara zagwanyewa tun kafin kwana na uku, kuma goge ragowarsa na sake jan sabuwar fatar da muka samu da ƙyar. A nan ne ta ce mu gwada na silikon. Da shi jakar ta riƙa kai kwana huɗu, cirewa kuma ba kuka.

Ba ina cewa silikon ya fi ɗayan ba ne ga kowa. Wanda fatarsa ke jiƙe, ko yake da rami mai zurfi da sai an cusa abu an daidaita, mai yiwuwa haidirokoloid ya fi masa, domin silikon ba a murza shi a sauya masa siffa. Wanda sitomarsa ta nutse ƙasa da fata kuma, sau da yawa faifai mai tudu yake buƙata, wannan kuwa ba a fara shi sai da shawarar likita ko nas. Wanda cikinsa sumul yake, jakarsa na zama lafiya, fatarsa kalar sauran jikinsa, ba ya buƙatar zobe ko ɗaya, kada wani mai kanti ya sa shi kashe kuɗi a banza.

Ga yadda amaryar Auta ke yi, don yanzu ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da sassafe take canzawa kafin ya ci komai, lokacin da hanji ya fi natsuwa. Takan tanadi komai a faranti, ta yanka faifan tun kafin ta cire tsohon. Wajen cirewa daga sama take farawa, hannu ɗaya na danna fata ɗayan na jan faifan a hankali, ba fizga ba. Sai ta juya bayan faifan ta duba, domin inda ya ɓaci shi ke nuna ta inda ruwa ke shiga. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi kawai take wankewa da su. Ba sabulu mai ƙamshi, ba sifirit, ba ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ba basilin, ba man kaɗanya. Ɗan jini kaɗan a jikin tsumma daga sitomar ba abin tsoro ba ne. Idan gashi ya tsiro ta rage shi. Sai ta bari wurin ya bushe ƙarau, har da fifita takan yi. Daga nan ta ɓare zoben, ta ɗan ja shi da yatsu, ta zura shi ta kan sitomar ta sake shi ya kwanta a gindinta ba tare da rata ba, ta danna kewaye. Shi kuma ya ɗan miƙe jikinsa don fatar ta baje, ta ɗora faifan, ya dafe da tafin hannu kamar minti ɗaya, saboda ɗumin hannu na taimaka wa danƙo kamawa.

Zoben girma-girma ne, a sayi wanda ya dace da awon sitomar. A kuma riƙa sake awo a kai a kai a mako 6 zuwa 8 na farko bayan tiyata, domin a lokacin kumburi ke saɓewa tana raguwa. Ramin da ya yi daidai ranar sallama zai yi faɗi bayan wata ɗaya. Zobe sau ɗaya ake amfani da shi, ba a wankewa a mayar. A zubar da abin da ke cikin jaka da zarar ya kai kashi ɗaya cikin uku, domin nauyi na ɓamɓaro faifai komai kyan zobe. A ajiye kayan a wuri mai sanyi, ba cikin mota ko kusa da taga ba.

Wani abu kuma da sai na faɗa, don an tambaye ni a kanti da gaske. Wani bawan Allah da ya ji ana cewa silikon, ya ce ai akwai shi da araha wurin masu kayan gini, wanda ake liƙe gilashin taga da shi. Don Allah kada a kusanta shi da jiki. Sunan ne ɗaya, amma na gini yawancinsa na fitar da asid yayin da yake bushewa, shi ne warin tsamin nan da ake ji. A kan saɓulalliyar fata kusa da hanji ɓarna kawai zai yi. Haka robar murfin tukunya ko ta famfo.

Tunda fannina ne, bari in ƙara da batun magani. Mai iliyostomi ya gaya wa duk wanda zai ba shi magani cewa yana da ita. Ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali, ko masu rufin da ba ya narkewa sai sun yi nisa a hanji, na iya fitowa cikin jaka yadda aka haɗiye su, ba su yi aikin komai ba. Idan an ga haka a koma a nemi canji, kada a daka su a gida. Maganin sa gudawa ko wankin ciki, na asibiti ko na gargajiya, haɗari ne gare shi. Jikinsa na asarar ruwa da gishiri fiye da na kowa tunda ba a bi ta babban hanjin da ke tsotse su, saboda haka ruwan gishiri da sukari na ORS ya zama yana gida kullum. Idan abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi a rana, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ga jiri, a tafi asibiti. Haka idan sitomar ta yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko aka yi awanni babu abin da ya fito ga murɗar ciki da amai. Masara da gyaɗa da aya da kwakwa na iya toshe ta idan ba a tauna sosai ba. Batun azumi kuwa, likitansa ne zai fara magana.

Game da sallah, mun kai maganar gaban limamin unguwarmu, ya yi wa Auta bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙe abin da ke fita daga jikinsa, ya ce masa sahu na jiransa. Kowa ya tambayi malaminsa, ni ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne ya zubar da jakar kafin alwala, kuma tun da aka toshe wancan lanƙwaso ruku'u bai sake ba shi kunya ba.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ba, zoben silikon ba ya samuwa a kowane kemis, mu ma sai da muka sa aka yi mana odarsa daga masu sayar da kayan asibiti, wani lokaci a jira makonni. Da farko Umma ta ce wannan ɗan abu ne da wannan kuɗi? Sai amaryar ta ɗauko littafin da take rubuta ranakun canji ta nuna mata: a makon da muka fi shan wahala jaka goma sha ɗaya muka ɓata, yanzu biyu ke kai mu mako. Umma ba ta sake magana ba. Shawarata ga mai son gwadawa, ya sayi kaɗan tukuna ya ga yadda fatarsa za ta karɓa, ya duba ranar lalacewa a jikin kwali, kada ya zuba kuɗinsa a kan kwali guda tun bai gwada ba.

Auta ya koma kasuwa a wata na uku, amma an hana shi ɗaga buhu, domin ɗaukar nauyi na iya sa gefen sitoma ya bullo ya zama kaba. Yara ke ɗauka, shi yana kan benci yana ciniki da lissafi, da 'yar jakar hannu mai ɗauke da faifai ɗaya yankakke, zobe ɗaya, tsumma da leda. An sa masa ranar mayar da hanjin a wata mai zuwa, muna roƙon addu'arku. Amaryar tana nan ɗakinta, jiya ma ita ta kira ni tana tambaya ko ragowar zoben za su yi wa wata maƙwabciyarsu da aka yi wa mahaifinta kolostomi. Na ce ta fara auna tasa tukuna.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, inda za mu duba yadda ake kula da jaririn da aka yi wa sitoma.